Nazarin Lamari: Yadda Wani Tsohon Sojan Yaƙin Basasa Ya Buɗe wa Iyalinsa Labarin Abagana

Wannan bayani ya shafi wani dattijo mazaunin Kano wanda ya je yaƙin basasar Najeriya yana kurtun soja, ya kuma shafe shekara 45 bai faɗa wa 'ya'yansa abin da ya same shi a can ba. Maƙwabtaka ce ta haɗa ni da gidan, kuma iyalin sun yarje mini in rubuta bisa sharaɗin kada in ambaci suna ko unguwa. Zan kira shi Kofur, domin da wannan muƙami aka sallame shi, da shi kuma mutanen layinsu suke kiransa har yau.

Shiga soja da fagen daga, 1967 zuwa 1970

An fara yaƙin ranar 6 ga Yuli 1967, kimanin mako biyar bayan Odumegwu Ojukwu ya ayyana ɓallewar Biyafara ranar 30 ga Mayu. Sojojin Najeriya wajen 10,000 ne kafin yaƙin, amma kafin a gama sun kai kusan 250,000, saboda haka aka riƙa ɗibar samari daga ƙauyuka ana ba su horon 'yan makonni a Zariya a tura su gaba. A ƙarshen 1967 Kofur, yana ɗan shekara 19, ya shiga tare da wani abokinsa ɗan garinsu wanda katanga ɗaya ta raba gidajensu, tare aka yi musu kaciya, tare suka yi karatun allo. Ranar da za su tafi, mahaifiyar abokin ta rako su har bakin tasha ta ce wa Kofur ga ɗan'uwansa nan ta ba shi amana.

An tura su Runduna ta 2 da ke ƙarƙashin Kanar Murtala Muhammed. Kafin zuwansu rundunar ta ƙwato Benin a watan Satumba, ta shiga Asaba a farkon Oktoba, sannan ta yi yunƙurin ƙetare Kogin Kwara da jiragen ruwa zuwa Onitsha har sau uku ba ta samu nasara ba, domin an riga an karya gada, kuma ta yi asarar mutane da yawa a ruwa. Daga baya aka zagaya ta Idah, aka biyo ta Awka, aka kama Onitsha a watan Maris 1968. A ƙarshen wannan wata ne sojojin Biyafara suka yi wa wani dogon ayari mai motoci kusan ɗari kwanton ɓauna a Abagana, kan hanyar Enugu zuwa Onitsha. Harbi ya sami tankar mai, wuta ta bi motocin da ke ɗauke da harsasai ɗaya bayan ɗaya. Kofur da abokinsa suna cikin ayarin. Kofur ya fita da ƙuna a hannun hagu da gadon baya, abokin kuwa bai fita ba.

Bayan jinya aka mayar da shi bakin aiki, ya zauna har Biyafara ta miƙa wuya a Legas ranar 15 ga Janairu 1970, lokacin da Janar Yakubu Gowon ya shelanta cewa babu wanda ya ci yaƙi kuma babu wanda aka ci.

Shekarun shiru, 1970 zuwa 2011

An sallame shi a ƙarshen shekarun 1970 lokacin da ake rage yawan sojoji. Ya sami aikin gadi a wata masana'anta a Bompai, ya yi aure, Allah ya ba shi 'ya'ya bakwai. Mutum ne mai riƙon salla, mai ƙarancin magana, wanda ba a taɓa jin ya daki matarsa ba.

Akwai dai wasu halaye da 'ya'yan suka taso suka tarar, suka ɗauka haka Allah ya yi shi. Ba ya cin tsire ko balangu. Ranar layya, da zarar an hura wutar babbakar kai da ƙafa, sai ya saka takalminsa ya bar gidan, ba ya dawowa sai bayan la'asar. Ko ana tsananin zafi ba ya sa riga mai gajeren hannu. Garinsu, da bai fi tafiyar awa biyu daga Kano ba, ba ya zuwa sai gaisuwar mutuwa, kuma ba ya kwana. Matarsa kaɗai ta san yakan farka cikin dare yana haki, zufa ta jiƙe shimfiɗa, ita ma ba ta taɓa tambayarsa ba, sai dai ta miƙa masa ruwa ta ce ya yi a'uziyya.

Duk ranar 15 ga Janairu yakan sa hularsa ta ƙungiyar 'yan mazan jiya ya je fareti. Na sha zama kusa da majalisarsu, kuma hirar ba ta wuce batun fansho da wahalar tantancewa da labaran ban dariya na bariki. A waje ma babu wurin da ake maganar: ba a kafa wani zama na jin bahasin abin da ƙananan sojoji suka gani ba bayan yaƙin, kuma wajen 2009 aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, har jikokinsa suka taso ba su san an yi yaƙin ba sai a bakin mutane.

Abin da ya fama ciwon, Janairu 2012

Da yammacin Juma'a 20 ga Janairu 2012 'yan Boko Haram suka kai hare-hare a wurare da dama a Kano, har da hedikwatar 'yan sanda ta Bompai. Mutane fiye da 150 suka rasu, aka kuma sa dokar hana fita. Gidan Kofur yana inda ƙarar bama-baman ta girgiza kwanon rufi. Iyalin sun shaida mini cewa ya faɗi rub da ciki a tsakar gida, yana daka wa jikoki tsawa da Turancin bariki cewa su kwanta, sannan ya shiga kiran wani suna da babu wanda ya taɓa ji a bakinsa, yana miƙa hannu kamar mai son jawo wani.

Daga wannan rana al'amura suka sauya. Farkawar dare da a da take zuwa jefi-jefi ta koma dare huɗu ko biyar a mako. Ya daina fita sallar asuba a jam'i. In maƙwabci ya zuba fetur a janareta, warin kaɗai yakan sa shi ya tashi ya shige ɗaki ya rufo ƙofa. Cin abincinsa ya ragu har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Jikoki kuma suka fara tambayar iyayensu wane ne mai sunan nan da Kaka yake kira.

Abubuwan da aka gwada, Fabrairu zuwa Disamba 2012

Abu na farko da iyalin suka yi shi ne neman taimakon malamai. An yi masa rubutu da tofi, ana kuma karanta masa ayoyi kafin ya kwanta. Wannan ya sa yana samun natsuwar shiga barci, shi da kansa ya ce a ci gaba, kuma ba a daina ba har yau, sai dai mafarkin yana nan yadda yake. Da wani ɗan'uwa ya kawo shawarar a kai shi a cire masa iska, ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce shi ya san abin da ke damunsa kuma ba aljani ba ne.

Sai wani daga cikin 'ya'yan ya sayo maganin barci a kemis ba tare da takardar likita ba. Maganin yakan kwantar da shi kamar gawa, ya tashi da jiri, har wata safiya ya faɗi a wurin alwala ya fasa goshi. Bayan mako uku aka daina.

Yunƙuri na uku shi ne wanda aka fi sa wa rai. Da ƙaramar salla, a watan Agusta, babban ɗansa ya tara ƙannensa duka a zaure bayan an ci tuwon salla, ya ajiye waya a kan tabarma tana naɗar murya, ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, muna roƙon ka ba mu tarihinka na soja, ko don jikoki." Kofur ya dubi wayar, ya dubi bango, sannan ya jero sunayen garuruwa kamar mai ba da rahoto ga hafsa: Zariya, Idah, Awka, Onitsha, da sunayen muƙaman da ya riƙe. Minti goma bai cika ba ya shafa fatiha ya tashi. A daren ya farka sau biyu.

Na huɗu bai zo da shiri ba. Ɗansa na biyar, ɗalibin jami'a, ya karanta a intanet labarin kisan Asaba na ranar 7 ga Oktoba 1967, inda sojojin tarayya suka harbe ɗaruruwan maza fararen hula. Da ya ga sunan Runduna ta 2, ya zo ya tsaya a kan mahaifinsa yana cin abinci ya ce: "Baba, kana Asaba ranar?" Kofur ya ce a lokacin ko kaki bai sa ba, ya tsame hannunsa daga kwano. Wata biyu bai amsa wa yaron komai ba in ban da gaisuwa.

Asibiti da igiyar guga, Janairu zuwa Afrilu 2013

'Yarsa ta uku ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti. Ita ta lallaɓe shi zuwa awon hawan jini, daga nan ta roƙe shi su leƙa sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ya yarda bisa sharaɗin kada 'yan unguwa su ji. Likitan ya bayyana masa cewa abin da ke damunsa ciwo ne sananne da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda likitoci suka shigar cikin littafinsu tun 1980 bayan abin da aka gani a jikin sojojin Amurka da suka dawo daga Biyetnam, kuma yakan lafa shekaru da yawa sannan wata ƙara ko wani wari ya tayar da shi. 'Yar ta ce a nan ta ga kafaɗun mahaifinta sun sauka, domin tsoronsa shi ne a ce ya haukace. An rubuta masa magani na kullum, aka sa masa ranar dawowa duk wata.

Wata ma'aikaciyar sashen ta keɓe da 'yar ta koya mata wata hanya da aka yi amfani da ita ga 'yan gudun hijira a Uganda. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar mutum daga haihuwa zuwa yau, shi da kansa ya ɗora fure a kan kowane lokacin daɗi, dutse a kan kowane lokacin wuya, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya bisa jerin shekaru. Ta gindaya mata ƙa'idoji: kada a tara mutane, kada a naɗi murya, kada a tambaye shi dalilin da ya sa ya yi wani abu, shi zai ce a tsaya, kuma kowane zama a rufe shi da maganar yau da gobe ta gida. Ta kuma gargaɗe ta cewa ranar da aka taɓa babban dutse, barcin zai ƙara lalacewa kafin ya gyaru.

Da 'yar ta kawo maganar, Kofur ya ce shi ba yaro ba ne da zai yi wasa da furanni. Wadda ta warware wannan ita ce jikarsa 'yar shekara 16, wadda yake kira amaryarsa, ita kuma take ce masa Tsoho. Ta kunto tsohuwar igiyar guga, ta ɗebo dabino a madadin fure, ta ce in ango yana jin tsoron igiya to ita za ta nemi wani mijin. Ya yi dariya, wadda matarsa ta ce rabonta da jin irinta tun kafin harin, ya sauko kan tabarma. Ya jera dabino 11 da duwatsu 6. Dutse na uku ya fi sauran girma, da hannunsa ya zaɓo shi daga bakin murhu, kuma da ya ajiye shi sai ya cire hularsa ya kife a kai.

Aka tsayar da zama duk Alhamis bayan la'asar a ɗakin matarsa, minti 30 zuwa 40, daga shi sai matar da 'yar da jikar. Zama huɗu na farko sun tafi a kan ƙuruciya: kiwon awaki, makarantar allo, damben kaka, da yadda shi da abokinsa suka taɓa satar rake aka zane su tare. A nan ne iyalin suka fara jin ko wane ne mai sunan. Duk dabinon da aka gama labarinsa jikar takan cinye shi, ya bi ta da zagin wasa. Da labari ya iso Zariya, 'yar ta sallami yarinyar daga zaman, shi ma ya ce hakan ya yi.

Zama na tara, Mayu 2013

Sau biyu ana isowa kan dutsen da ke ƙarƙashin hula yana cewa a bari sai wani mako, ana kuwa bari. A zama na tara ya ɗauke hular da kansa. Ya yi magana a hankali, idonsa a kan igiya. Ya ce suna bayan babbar mota a zaune kan akwatunan harsasai lokacin da tankar ta kama. Motarsu ta daki ta gabanta, akwatuna suka zubo suka danne ƙafar abokinsa. Shi ya riga ya dira ƙasa, sai ya ji abokin yana kiransa da sunan da suke kiran juna tun suna yara. Ya koma ya kama hannunsa yana ja, wuta ta ci tamfol ta zubo masa a baya, harsasan da ke cikin akwatuna suka fara tashi. Sai ya saki hannun ya ruga daji, yana jin kiran har ya daina.

Ya ce wannan rabin nauyin ne. Da ya je hutu gida a 1970, mahaifiyar abokin ta tambaye shi yadda ɗanta ya cika, ya ce mata harsashi ne ya same shi nan take, ya yi kalmar shahada, an yi masa salla an binne shi. Ta sa masa albarka, kuma duk kaka takan aiko masa da gero da daddawa har ta rasu. Abin da ya hana shi kwana a garinsu ke nan.

Matarsa ta rufe fuska da mayafi. 'Yar ta ce ta ji kalmomin lallashi sun taru a bakinta, amma ta tuna gargaɗin da aka yi mata, sai kawai ta ce: "Baba, shekararka nawa a ranar?" Ya yi shiru yana lissafi, ya ce ashirin. Ta ce autansu, wanda har yanzu ba a yarda ya kai ƙarfe goma a waje, ya girme shi a lokacin. Bai amsa ba, ya daɗe yana kallon ƙofa, sannan ya nemi ruwan alwala.

Dare uku a jere bayan haka bai yi barcin kirki ba, kamar yadda aka faɗa. A mako na biyu farkawar ta sauko zuwa dare biyu. An ƙara zama biyar, inda ya ba da labarin yaran da ya gani a ƙarshen yaƙi, masu kumburin ciki da jan gashi saboda yunwa, waɗanda yakan ba su gwangwanin abincinsa a ɓoye. Dutse na biyar kuwa ya ce a tsallake shi, aka tsallake.

Yadda labarin ya isa ga sauran 'ya'ya, Yuni 2013 zuwa 2014

Shi ya ba 'yar izinin ta faɗa wa babban wansu, ya ce ba zai iya da bakinsa ba. Har yau uban da ɗan farin ba su taɓa tayar da maganar a tsakaninsu ba. Amma da babbar salla ta zo a watan Oktoba, babban ɗan ya kwashi kawuna da ƙafafun raguna ya kai wa mahauta a can bakin kasuwa aka babbake, bai ce wa kowa komai ba, kuma a karon farko Kofur ya wuni a gida ranar layya.

Ɗalibin jami'ar kuwa uban ne ya kira shi da kansa. Ya ce masa bai je Asaba ba, amma ya yi shekara biyu cikin mutanen da suka je, ya ji abin da wasunsu suke faɗa, ya ci abinci kwano ɗaya da su bai taɓa buɗe baki ba. Yaron ya durƙusa ya nemi gafara. Uban ya ce ya ci gaba da karatunsa, domin abin da ya karanta ya faru.

Game da abin da ya gaya wa mahaifiyar abokinsa, ya je wurin limamin unguwa shi kaɗai. Liman ya umarce shi da istigfari da sadaka da yawaita addu'a ga mamatan biyu, ya kuma karanta masa hadisin da ya lissafa wanda gobara ta kashe cikin shahidai. A farkon 2014 ya je garinsu tare da matarsa, ya gaida ƙanwar abokin wadda ita kaɗai ta rage a gidan, ya kai mata turmin atamfa da buhun shinkafa, ya kwana biyu. Bai faɗa mata yadda wanta ya rasu ba, kuma iyalinsa ba su matsa masa ba. Zuwa lokacin farkawar dare ta koma sau ɗaya ko biyu a wata, ya koma sahun asuba, likita ya rage masa magani. Tsire dai har yanzu ba ya ci.

Abin da na gani a lamarin

A ganina taron ƙaramar salla ya rushe ne tun kafin a buɗe baki. Bahaushen uba da ko sunan ɗan farinsa ba ya kamawa saboda kunya ba zai zauna a gabansa, ga ƙanne shida ga waya tana naɗa, ya ce ya saki hannun amininsa a cikin wuta ba. Abin da aka roƙe shi kuma tarihin soja ne, shi ya sa ya ba da jerin garuruwa. Tambayar Asaba tana da hujja, ina kuma ganin haƙƙin ɗa ne ya yi ta, amma ta zo wa mutumin da ya shekara 44 yana yanke wa kansa hukunci, sai ya ji ta a matsayin tuhuma daga cikin gidansa.

Hanyar da ta yi aiki ta bi ta inda al'ada ta riga ta bar ƙofa. Wasan jika da kaka ya ba shi damar saukowa kan tabarma ba tare da girmansa ya zube ba, 'ya mace kuma tana iya jin raunin uba ta hanyar da ɗan fari ba zai iya ba. Farawa daga ƙuruciya ya sa abokin ya shigo labarin yana yaro mai satar rake, iyalin suka san shi suka so shi kafin su ji mutuwarsa, don haka ranar da aka ɗauke hula akwai masu tayawa makoki a ɗakin. Ikon tsayawa da ke hannunsa shi ya sa ya ci gaba, domin sau biyu ya ce a bari aka bari, ya tabbatar ba za a ja shi da ƙarfi ba. Maganin likita da karatun malamai da amsar liman kowanne ya ɗauki ɓangarensa, kuma ban ga alamar ɗaya zai wadatar shi kaɗai ba.

Kuskuren da na fi jin zafinsa ya shafi 'yar. Mako biyu ta yi ita ma tana mafarkin wuta bayan zama na tara, tana zuwa aiki tana karɓar haihuwa da idanu jajur, kuma babu wanda ya tanadi wanda za ta faɗa wa, har sai da ta koma wurin ma'aikaciyar da ta koya mata hanyar. Ya kamata a ce an shirya mata wannan tun ranar farko. Ina ambatar haka ne saboda gidajen da ke da irin wannan uba ba kaɗan ba ne: sojojin da suka je aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya daga 1990 da Saliyo bayanta sun manyanta yanzu, ga kuma samarin da ke dawowa daga arewa maso gabas tun 2009, kuma a mafi yawan gidajen mace ce za ta zauna ta saurara.

Igiyar tana rataye a ɗakin matarsa. Duwatsu biyar an mayar da su bakin murhu, na biyar a jeri kuwa Kofur ya saka shi a cikin gwangwanin da yake ajiye takardun fanshonsa, kuma 'yar ta ce mini ba ta da niyyar tambayarsa.